Ranar da Barakatu Ta Ƙi Tashi

A Ƙaura Namoda kowace mace da abin da aka san ta da shi. Wata hannu ne, ita ake kira girkin biki. Wata baki ne, ita ake turawa biko. Barakatu da zama aka san ta. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin maza su dawo daga maƙabarta ta riga ta cire takalmi, ta sami gefen tabarma kusa da wadda aka yi wa rashin, ta naɗe ƙafa. Ba ta tambayar ciwon me mamaci ya yi, ba ta kawo labarin nata mamatan, ba ta kuma duban ƙofa. Mutane da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin aiki, sai ranar da aka yi musu mutuwa.

A Banga aka haife ta, gidan manoman gero. Ta yi firamare, ta taɓa sakandare, aure ya kawo ta Ƙaura. Mijinta Dauda direban a-kori-kura ne, yana jigilar buhuna tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, har ranar da 'yan bindiga suka tare hanya kusa da Dauran, aka dawo da motar da shi kwance a bayanta. Ya bar mata yara huɗu da gidan haya.

A takabar Dauda ta koyi zama. Maƙwabciyarta Kulsumu mai tuyar ƙuli-ƙuli, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, take kuma kira Yaya Kulu, kullum da hantsi sai ta shigo da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna tana ɓara. Ba nasiha, ba wa'azi. Wata rana su yi magana biyu, wata rana ko ɗaya. Haka har takaba ta fita. Barakatu takan ce ta manta duk abin da masu ta'aziyya suka faɗa mata, har da na liman, amma tana tuna ƙarar ɓawon gyaɗa.

Bayan takaba ne aiki ya samu. Wata ƙungiya mai ofis a Gusau tana neman mata masu karatu da za su riƙa shiga gida-gida suna auna damtsen yara, don a gano masu tamowa a tura su asibiti. Kayan aikin bai taka kara ya karya ba: ɗan tef ne mai launi uku. In ya tsaya a kore yaro lafiya lau, in ruwan ɗorawa a sa ido, in ja a ɗauke shi yau. Albashin shi ma bai taka kara ba, amma da shi ake biyan haya, da shi tukunya ke hawa murhu, da shi babbar 'yarta ke makaranta. Ban da shi Barakatu ba ta da komai.

Aikin ya dace da ita, domin shi ma zama ne. Ba a shiga gida a kama hannun yaro. Sai an gaida kaka, an gaida uwa, an tambayi gajiya da ruwa da mai jiki. Sannan za a turo yara, kuma masu ƙiba ake fara turowa, don kowace uwa tana da kunya. Ramammen yana cikin ɗaki an lulluɓe shi da zane. Shi ba ya fitowa sai baƙuwa ta sha ruwa, an yi hirar tsadar masara, uwar ta ga ba dariya aka zo yi mata ba. Sai ta ce, kamar yanzu ta tuna, "Akwai wani ƙanensu ciki, ba shi jin daɗi kwana biyu."

Shekaru aka yi haka. Sannan aka kira su taro Gusau, aka ba su shinkafa da kaza, aka raba wa kowacce waya. Wata matashiya mai kati rataye a wuya ta bayyana musu cewa an yi haka ne don a kare lafiyarsu, tunda hanyoyi ba tsaro. Daga yau ofis zai riƙa ganin kowacce a taswira, ɗan ɗigo. Tana tafiya, ɗigon kore ne. Ta daɗe a gida ɗaya, wayar za ta yi ƙit-ƙit, ɗigon ya koma ruwan ɗorawa. Ta ci gaba da zama, ya zama ja. Ja uku, wayar ta kulle kanta, suna ya fita daga aiki. Lokacin da aka ware wa kowane gida, a lissafin Barakatu, bai isa a gama gaisawa da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba.

Wata ta ɗaga hannu ta tambayi wanda zai yi korar, don a san inda za a je ban haƙuri. Matashiyar ta yi murmushi ta ce ai nan kyawun abin yake, ba mutum ke kora ba, saboda haka ba son kai. Matan suka dubi juna. A garinsu ba a taɓa yin rigimar da ba ta da zauren da za a tura dattijo ya durƙusa ba. Wannan abu kuwa ba shi da zaure, ba shi da uwa, ba shi da surukai.

Mai kula da su a Ƙaura shi ne Mubashir, ɗan Yaya Kulu, wanda Barakatu ta sha goyawa. Yaro ne mai ladabi, mai karatu, yana ce mata Inna. Shi ma akwai ɗigonsa a wata taswirar da ke sama da tasa, kuma launin ɗigonsa daga na matan da ke ƙarƙashinsa yake fitowa. Tun watan farko ya fara yawo da maganin gyambon ciki a aljihu.

Jan farko bai daɗe ba. Ta shiga wani gida a bayan tashar jirgi, ta zauna jiran ramamme kamar yadda ta saba, wayar ta yi ta kuka a jaka, ita kuwa ta ɗauka caji take so. Yaron ya fito, tef ya tsaya a ja, ɗigo ma ya tsaya a ja, aka kai ɗaya asibiti, aka aiko wa ɗayar gargaɗi. Da yamma Mubashir ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, don Allah ki riƙa sauri. Ni ba ni iya goge shi. Ko ni aka yi ma, ba ni iya gogewa."

Sai Barakatu ta koyi sauri. Ta koyi yin sallama da ban kwana a numfashi ɗaya. Ta koyi cewa "a'a, na ƙoshi" ga ruwan da aka riga aka zuba. Tana auna yaran da aka turo, ta fita da baya tana amsa gaisuwar da ba a gama ba. A rahoton ƙarshen zango tamowa ta ragu ƙwarai a unguwanninta, har ofis ya yaba.

Jikinta ne bai ji labarin yabon ba. Ƙit-ƙit ɗin ya shige mata kunne ya ƙi fita. Tana jin shi ranar Lahadi da wayar ke kashe. Tana jin shi a sujada, ta ɗago ta rasa raka'a ta nawa take, har ta zama ba ta sallah sai da sujadar rafkanuwa. In tsuntsu ya yi kuka a kan katanga gabanta ya faɗi. Tuwo ma a tsaye take ci. Kanta na sarawa daga ƙeya, mai kemis ya ɗaura mata abin awo ya duba, ya sake dubawa, ya ce hawan jini ne, ta rage gishiri ta rage tunani. Gishirin ta rage.

Hutu ɗaya suka samu, lokacin da aka katse layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda tsaro. Jama'a suka shiga wahala, sai an yi tafiya mai nisa kafin a kira ɗan'uwa. Matan awo kuwa suka yi ƙiba. Da sabis ya dawo, gari na murna, su kaɗai suka yi ta yi wa juna jaje. Kuma wayar ta dawo da sabon wayo: ko ba sabis tana riƙe komai a cikinta, ta kai rahoto daga baya.

Sauran matan suka nemo mafita irin ta mutane. Akwai wani ɗan kabu-kabu mai babur, Namadi, magidanci mai haƙuri, wanda da safe zai bi ya karɓi wayoyi ya zuba a buhu, ya riƙa zagaya unguwanni a hankali, yana ɗan tsayawa a ƙofar kowane gida. Tunda sakamakon awo da yamma ake shigarwa, abin bai taɓa tonuwa ba. Masu son aiki su yi aikinsu a natse, masu son wanki su yi wankinsu. A taswirar Gusau ba a taɓa ganin mata masu himma kamar buhun Namadi ba.

Zainabu, abokiyar zagayenta, wadda kowa ke kira Abu, ta yi ta fama da ita. "Ke Baraka, kawo wayar ga a ba Namadi. Mi za ki rasa? Kowa na yi."

"In ba shi, sai a ce ina yawo alhali ina zaune?"

"To mi? Wa ka gani?"

"Ni ka gani."

"Kin ji ki. Sai jinin nan ya kada ke bakin titi, mu ga ko ɗigon zai zo ɗaukarki."

Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ta ba, ko da yake da shi take kare kanta in an matsa. Akwai girman kai a ciki. Matar da aka sani da zama tun takabar Dauda, a ce yau sai ta ɓoye zamanta a buhu kamar kayan sata, wannan ya fi ƙarfinta. Ta gwammace ta yi ta gudu da gaske.

Gudun ne ya kai ta wani kango a gefen gari, inda mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Dauran suka rakuɓe. Ta shiga da tef a hannu, ta tarar da mata zube a ƙasa, ba tabarma ma. An kashe wa wata tsohuwa ɗa a gona, jiya aka kawo labari. Barakatu ta san abin da ake yi, ba wanda ya fi ta sani. Amma ta riga ta ɓata lokaci a gidan baya, wayar ta fara ƙit-ƙit a jaka. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanshi, Allah shi ba da haƙuri."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta tun daga takalmin har fuska. "Ɗiyata, wuta kiz zo ɗiba? Murhun ga bai ga wuta ba tun jiya. Gwada gaba."

Ba wanda ya yi dariya. Barakatu ta fita, ɗigonta kore shar.

Ranar ba ta ci tuwo ba, ko a tsaye. Da la'asar ta shiga wurin Yaya Kulu, wadda ta daɗe kwance da ciwon ƙoda, ƙafafu sun kumbura, tuya ta gagara. Ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke? Ta'aziyya tsaye? Da takalmi?"

"Yaya Kulu, aikin ga shi ka ciyar da ɗiyana."

"Na sani. Ni ban ce ki bar shi ba." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Amma ji nan. In tawa ta zo, ke za ki yi min wanka, na hwaɗa ma mutanen gidan ga. Kada ki wanke ni kamar kwanon da anka ci ɗanwake. Kuma in kin gama ki zauna. Ɗiyana mata ba su iya ba, waya za su yi ta latsa."

"Haba Yaya, wace irin magana ta wagga?"

"Irin wadda aka yi kwance. Miƙo min ruwan can."

Washegari Barakatu ta koma kangon. Ta cire takalmi tun daga waje, ta shimfiɗa gefen hijabinta a ƙasa, ta zauna kusa da tsohuwar. Wayar ta yi ƙit-ƙit, ta ƙara, ta koma wani dogon kuka, sannan ta yi shiru irin na wanda ya tafi kai ƙara. Can wajen azahar tsohuwar ta tura mata kofin ruwa da ƙafa, daga baya kuma wata yarinya ta fito daga bayan buhuna da jariri wanda wuyansa ba ya ɗaukar kansa. Ja na biyu ke nan.

Mubashir ya zo da magariba. Bai ma iya zama ba, sai juya hula yake a hannu.

"Inna, saura ɗaya."

"Na iya lissahi, Oga."

"Don Allah ki bar ce min Oga. Inna, ni ban ce ki yi komi ba, ban ma san komi ba. Amma na ji an ce akwai wani bawan Allah mai babur, mutumin kirki, shina taimakon mutane."

"Kai ma ka san buhun?"

"Ban san shi ba. Cewa niy yi na ji an ce."

"To ka ji an ce ba ni ba shi."

Ya dafe ciki ya ce a Gusau an kira sunansa gaban mutane saboda ita. Ta ji tausayinsa, don ta san shi tun yana tsoron kaza. Ta ba shi kunu ya sha, ta yi alkawari za ta kiyaye. Kuma ta kiyaye. Damina guda ta yi tana gudu, ta'aziyya sai bayan tashi aiki, lokacin da masu makoki sun gaji, tabarmi sun yi sanyi. Mai kemis ya ƙara mata ƙwaya ɗaya a kan ta da.

Yaya Kulu ta rasu ranar Talata da hantsi, lokacin aiki. Barakatu na cikin wani gida tana naɗa tef a hannun yaro ta ji salati ya tashi ta bayan katanga, ta gane muryoyin. Ta ƙarasa awon, ta naɗe tef, ta nufi gidan. Abu ta biyo ta tana haki.

A zaure Abu ta riƙe mata hijabi. "Tsaya. Buɗe wurin uzuri mu gani."

Wayar tana da wurin uzuri, don waɗanda suka tsara ta ba marasa imani ba ne. Akwai sallah, akwai ruwan sama, akwai harbe-harbe. Akwai rasuwa ma, an jera: uwa, uba, miji, ɗa. Ba a sa maƙwabciyar da ta ɓare gyaɗa a ɗakinka har takaba ta fita ba. Mai yiwuwa wuri ne bai isa ba.

"Latsa uwa," in ji Abu. "Wallahi uwa ta. Ko a gaban alƙali na shaida."

"Uwata ta rasu Banga, na yi mata wanka da hannuna. Ba ni kashe ta sau biyu don wani ya ji daɗin taswira."

"To ga Namadi can ƙohwar gida, ya zo jana'iza, buhun na bisa babur. Miƙo. Baraka, ɗiyanki huɗu. Haya. Ki tuna."

Barakatu ta tuna. Ba abin da take tunawa tun da ta ji salatin sai wannan. Ta ga mai gidan haya, ta ga 'yarta da jakar makaranta, ta ga tukunya. Kanta ya sara daga ƙeya. Ta ciro wayar ta riƙe, har Abu ta miƙo hannu. Sai Barakatu ta wuce ta, ta shiga cikin gida, ta sami turmin da Yaya Kulu ke kirɓa gyaɗa an kife shi a gindin bango, ta ɗora wayar a kai, fuskarta sama.

"Bari su gani," ta ce. "Kullum suna son sanin inda nike. Yau ga ni."

Ta wanke hannu ta shiga ɗakin. Ta yi wankan yadda aka ce ta yi, a natse, dama kafin hagu, da ruwa mai ɗumi da ganyen magarya, ta warware kitson ta wanke ta mayar, ba ta bar tsakanin yatsu ba. Tana cikin yi wayar ta fara ƙit-ƙit daga kan turmi. Wannan karon gabanta bai faɗi ba, abin har ya ba ta mamaki. Ta ji shi kamar kukan akuyar maƙwabta.

A waje kuwa Mubashir na zaune a tabarmar maza, ido jajur, ana miƙo masa hannu yana amsawa, sai tasa wayar ta motsa a aljihu. Ya san bai kamata ya duba ba, amma hannu ya saba. Ofis ne ke sanar da shi cewa ɗaya daga cikin ma'aikatansa ta daɗe a wuri ɗaya ba dalili, ana shawartarsa ya bincika. Ya buɗe taswirar. Ɗigon na tsakiyar gidansu.

Ya tashi ya leƙa zaure ya kira Abu. "Ki ce ma Inna na roƙe ta, don girman Allah, ta bari a hita da wayar. Ko nan da bakin titi a kai ta a maido. Ni ɗan mamaciyar, ni nike roƙo."

Abu ta kai saƙon ta bakin labule. Muryar Barakatu ta fito daga ciki, ba ta ɗaga ba. "Ce mishi ina aikin uwarshi. Duk wadda ta taɓa wayar ga, ni da ita."

Ba wadda ta taɓa. Aka sa likkafani, maza suka shigo suka ɗauka, aka yi sallah a ƙofar gida aka wuce maƙabarta. Barakatu ta fito ta sami gefen tabarma kusa da 'ya'yan Yaya Kulu mata, ta naɗe ƙafa. Wayar ta yi dogon kukanta, mata suka juya suna kallon turmi, wata baƙuwa ta tambaya ko ba mai ita. Daga nan wayar ta yi shiru, fuskarta ta yi haske. Abu ta leƙa ta karanta, ta dawo ta zauna tana share ido. Saƙon gajere ne, cikin ladabi. An gode wa Barakatu bisa gudummawarta, ana yi mata fatan alheri.

Da aka dawo daga maƙabarta Mubashir ya shigo gaida mata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso gabanta, ya durƙusa, ƙurar kabari a gwiwar wandonsa.

"Ya haƙuri, Mubashir?"

"Da godiya, Inna. Allah shi ba da lada." Ya yi ƙasa da murya. "Ya zama ja. Ta kulle."

"Na ji ta."

"Zan rubuta musu. Zan ce gidanmu na, uwata ta."

"Rubuta, in zai sa ka ji sanyi. Wa za ka ba?"

Shi ma bai sani ba. Ta dube shi, ga rama, ga ido ya faɗa, yaron da bai kai talatin ba yana tafiya a dafe da ciki. Ta matsa ta buɗe mishi gefen tabarma, abin da ba a saba ba a cikin mata.

"Zauna kaɗan."

"Inna, mutane na jira waje."

"Su jira. Uwa ɗaya gare ka."

Ya zauna. Wayarsa ta motsa a aljihu, ya kai hannu, ta dube shi, ya janye. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ta bar shi ya yi.

Barakatu ta yi zamanta har sadakar uku, tana zuwa da safe tana tashi da magariba. Wayar na kan turmi duk tsawon lokacin, an rufe ta da faifai saboda rana. Bayan addu'a ta ɗauko ta, ta goge da gefen zane, ta miƙa wa Mubashir tare da cajarta da tef ɗin awo. Ya karɓi waya da caja. Tef ɗin ya juya shi a hannu ya ce wannan ba ya cikin kayan da ofis ke nema, ba shi da lamba. Ta mayar da shi jaka.

Ya rubuta ɗin, kamar yadda ya ce. Aka amsa mishi cewa an karɓi koke, an kuma yi mishi ta'aziyya. A ƙarshen zango ƙungiyarsa ta Ƙaura ta fito ta ɗaya a saurin zagaye, tunda wadda ke ja musu baya ta tafi, sauran kuma na cikin buhu. Aka ba shi takardar yabo mai kyau, har da firam.

Kada a ce abin ya zo wa Barakatu da sauƙi. Ta bar gidan haya ta koma ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Babbar 'yarta ta yi zango guda a gida kafin kawunta na Banga ya sayar da gero ya mayar da ita makaranta. 'Ya'yan Yaya Kulu suka ba ta turmin da kaskon tuya, ta kama ƙuli-ƙuli da mai, sana'ar da ke cin kafaɗa ta ba da kaɗan. Akwai masu cewa taurin kai ne ya kai ta, kuma ba ta musu. Abu har yau in sun haɗu sai ta ce, "Latsa ɗaya, Baraka. Latsa ɗaya tak." Ita kuwa ta ce, "Gaida min Namadi, ku ce ya rage gudu, kar a ba buhu muƙami."

Hawan jinin bai tafi ba, mai kemis ya ce irinsa ba ya tafiya, amma ya cire ƙwayar da ya ƙara. Ƙit-ƙit ɗin ya ɗauki watanni kafin ya bar kunnenta. Yanzu tana sallah ta san raka'ar da take.

Rasuwa kuwa ba ta ragu a ƙasar ba. Kwanan baya an kashe wani mai kayan miya a hanyar Shinkafi, ya bar matarsa, yarinya ƙarama da goyo, baƙuwa ce daga Jangeru, ba ta da kowa a Ƙaura. Masu ta'aziyya sun zo sun watse. Kullum da hantsi Barakatu na shiga da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna tana ɓara. Yarinyar ba ta magana, ita ma ba ta matsa ba. Ranar nan ne, bayan an yi nisa da ɓara, yarinyar ta dubi ɗaki ta ce akwai yayan wannan na goye a ciki, ba ya jin daɗi kwana biyu.

Barakatu ta karkaɗe ɓawo daga cinyarta, ta laluba jaka.

"Ɗauko shi," ta ce. "Sannu a hankali, ba inda za ni."